Fiyus ko bireka? Ni dai tuni na sauke akwatin fiyus

Malam mai tambaya a kan ko ka bar tsohon akwatin fiyus a gidan da kake gyarawa ko ka koma bireka, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa ya yanke wuta in an samu matsala, sa bireka kawai, kada ka tsaya dogon lissafi.

Fiyus ba shi da laifi a kan kansa. Siririyar waya ce da aka tare hanya da ita don ta riga wayar bango ƙonewa idan kaya suka yi wa layi yawa. Yana da arha, kuma in an sa masa wayar da ta dace yana aikinsa. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Matsalarsa hannunmu ne. A gidan hayar da na zauna a Kurna, a Kano, duk sanda fiyus ya ƙone, mai gyara sai ya fere wata waya, ya murɗe silin jan ƙarfe uku ko huɗu ya cusa, ya ce yanzu ba zai ƙara ƙonewa ba. Gaskiya ya faɗa, bai ƙara ƙonewa ba. Soket ɗin ɗakin girki ne ya narke a madadinsa, bango ya yi baƙi har silin, kuma ni na biya kuɗin sabon wayarin.

Bireka kuwa na ga ranarta. Wata asuba cikin hunturu uwargida ta jona hita a bokiti, ashe wayar hitar ta goge, silin biyu suka haɗe. Ƙas kawai muka ji daga akwati, layin soket ya mutu, amma ƙwan tsakar gida da firji ko gezau, domin kowanne da birekarsa. Na zare hitar, na ɗaga bireka, wuta ta dawo, na wuce masallaci ban rasa jam'i ba. Da fiyus ne, da ina nan da tocila a baki ina laluben waya.

Abu biyu ne a cikin bireka. Akwai wani ɗan ƙarfe da aka haɗa daga ƙarafa iri biyu. Idan kaya sun yi yawa yana ɗumi a hankali, ya lanƙwashe ya sake makunnin. Shi ya sa in ka haɗa dutsen guga da hita da firiza a layi ɗaya ba ta faɗuwa nan take, sai bayan ɗan lokaci. Akwai kuma naɗin waya mai zama maganaɗisu, wanda ke fisge makunnin kafin ƙiftawar ido idan wayoyi suka haɗe. In ta faɗi, ka nemo dalili kafin ka ɗaga; kada ka yi ta dannawa kamar kana faɗa da ita.

Ka tsaya a kan mai wayarin wajen lamba, wato yawan wutar (amp) da bireka ke ɗauka kafin ta faɗi, don wayar bango bireka take karewa. Layin ƙwai mai waya mai kaurin 1.5mm² ya samu bireka mai amp 6 ko 10, soket mai waya 2.5mm² ya samu 16 ko 20, esi da hitar wanka kowanne layinsa daban. Wanda ya ce maka a zuba 63 a ko'ina don kada ta riƙa damunka, shi da mai cusa jan ƙarfe a fiyus uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wajen saye. A France Road da cikin kasuwar Sabon Gari akwai masu amana, akwai kuma masu miƙo maka jabu an buga Schneider ko ABB a jiki, rubutu tas. Wata in ka fasa ta makunni ne zalla, ba abin da zai faɗi ko gida na ci. Ka ɗauki biyu a hannu ka gwada nauyi, jabun takan yi shafal. Ka karɓi rasit, kuma kada ka bar mai aiki ya tafi sayayya shi kaɗai.

Sannan bireka ba ta hana wuta jan mutum, ba ta kuma tare wutar da aka kawo da ƙarfi ta ƙona talabijin. Na farkon sai ka ƙara RCCB mai 30mA, wato makunnin da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ta jikin mutum, wadda ke da ɗan maɓallin gwaji a jiki, na biyun kuma aikin sitabilaiza ne. Babban fiyus ɗin da ke kusa da mita na kamfanin wuta KEDCO ne, ka bar musu abinsu. Ƙaramin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku, mai amp 13, shi ma ka bar shi, in ya ƙone ka sayi irinsa ka mayar, ban da naɗa masa takardar sigari.