NVDA, JAWS ko Narrator: wacce makaho zai sa a kwamfutarsa?

Shekara shida ke nan da hawan jinin ido ya ɗauke mini gani, kuma tun daga lokacin kwamfuta ba ta yi mini amfani sai da murya. Manhajar karanta allo ce ke faɗa mini harafin da na danna, da inda nake a shafi, da saƙon da ya shigo. Kusan kowane wata sai wani ya kira ni, ko uba da ya saya wa ɗiyarsa laftof, ko ɗalibi da ya samu gurbi a jami'a, tambayar ɗaya ce: wacce za mu sa? Amsata NVDA ce, kuma ga dalilaina.

Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka gina ta. Curran ya fara aikin a 2006, suka kafa ƙungiyar NV Access da ke kula da ita har yau. Kyauta ce, ba ta gwaji ba ce, ba kuma rabin kaya ba. Ka shiga nvaccess.org ka sauke ta, fayil ɗin ƙarami ne, ba zai cinye maka data ba. Kana buɗe shi za ta fara magana, don haka kai da kanka za ka ƙarasa sa ta ba tare da mai ido ya tsaya a kanka ba. A wajen sawa ka zaɓi ta riƙa tashi tun a shafin kalmar sirri. Wanda ya manta da wannan zai kunna kwamfuta ya zauna cikin shiru, bai san ko ta tashi ba.

Abin da ya fi ɗaure ni da ita shi ne tana shiga filash. Ina da ɗaya a jikin makullan ɗakina. In na je shagon buga takardu ko ofishin wani, sai a soka mini, ta tashi da muryar da na saba da saurin da na saba. Sai dai ta filash ba ta karanta shafin kalmar sirri da wasu tagogin tsaro na Windows, don haka a kwamfutarka ta gida ka sa ta gaba ɗaya.

Rana ta farko kada ka cika kanka da haddace maɓallai. Control da Alt da N suna tayar da ita. Tana da maɓallinta na umarni, Insert ko Caps Lock, ka zaɓi wanda hannunka ya fi kaiwa. Ka haɗa shi da lamba 1, sai ta shiga yanayin koyarwa: duk abin da ka danna za ta faɗi sunansa da aikinsa ba tare da ta aikata komai ba. Da wannan na koyi allon madannai cikin mako guda. In aka turo maka takarda da aka ɗauka a hoto, ka haɗa maɓallin da R, za ta yi ƙoƙarin ciro rubutun.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Muryar Turanci tana kashe Hausa, "ƙwarai" da "ɗaya" sai ka rantse wani yare ne. Ni dai na koma muryar Suwahili da ke cikin eSpeak, manhajar muryoyi da ke zuwa tare da NVDA, wasulanta sun fi kusa da namu, sannan kalmomin da ta ƙi faɗa daidai ina gyara su ɗaya bayan ɗaya a ƙamusun furuci. Muryar kamar ta mutum-mutumi take, amma kunne yana sabawa.

JAWS tsohuwa ce mai ƙarfi, tun 1995 take kan Windows, amma lasisinta na dindindin ya haura dala 1,000. In ofishinka zai biya, karɓa. Narrator tana cikin Windows, Control da maɓallin Windows da Enter ke kunna ta, ni tayar ajiya na ɗauke ta, ranar da komai ya yi shiru. VoiceOver sai mai Mac. Orca ta Linux ce, ba zan ɗora wa sabon shiga ita ba.

Yanzu ga inda aka cuce ni, kuma a nan nake so a saurara. Laftof ɗina ta farko, yayana ya kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa. Ya ce zai sa mana JAWS "cikakkiya", ya karɓi kuɗi mai kauri. Ashe ta sata ce, ya fasa makullin lasisinta. Wata biyu tana aiki, sai wani dare ina rubuta aikin da zan miƙa da safe, Windows ta sabunta kanta, muryar ta ɗauke a tsakiyar jimla. Na danna duk abin da na sani, fanka kawai nake ji tana juyawa. Kowa ya yi barci, na zauna har asuba da yatsuna a kan F da J. Da aka duba, bairos ma ya shigo tare da ita, don sai da mai gyaran ya kashe manhajar tsaro kafin ya sa ta.

Akwai kuma masu sa maka JAWS ta gwaji su ce ta gaske ce. Ita wannan minti 40 take yi, sai ka sake kunna kwamfutar. A shago za ta yi magana lafiya, ka biya ka tafi, sai a gida ka gane. In dole sai ka saya a hannun wani, ka zauna a shagon awa guda da ita a kunne. Wasu NVDA ɗin kanta suke sayarwa. Ladan aikin hannu daban ne, amma duk wanda ya ce kuɗin manhajar yake karɓa, ƙarya yake. Haka masu tura "muryoyi masu daɗi" a zaurukan WhatsApp: muryoyi irin su Eloquence na sayarwa ne, wanda ya zo maka a ɓagas ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma kai ba za ka ga tagar da ta buɗe a bayan fage ba.

Kuɗin da ka tsira da shi, ka zuba a kan na'urar. Laftof 'yar gwanjo ba laifi, amma ka shafa madannanta da hannunka kafin ka biya. Wasu daga Jamus ko Faransa suke zuwa, haruffansu a sauye, wasu ba su da Insert a fili. Ka tabbata ƙullutun da ke kan F da J bai goge ba, lasifika tana fita sosai, ramin abin kunne bai yi sako-sako ba. Kada ka karɓi mai Windows 7, tun 2024 sababbin NVDA suka daina hawa kanta. Kuma kafin ka bar shagon, ka sa mai shagon ya cire hannunsa, ka kashe ta ka kunna da kanka, ka ji ta yi magana.