Wandon Ofis da Aljihun da Ke Riƙe Waya: Sharhi Kan Ɗinkin Wani Tela a Kasuwar Wuse

Ma'aikatar da nake aiki a Garki, Abuja, ta wajabta mana sanya ƙananan kaya daga Litinin zuwa Alhamis, ranar Juma'a kaɗai ake barin mutum ya shigo da kaftaninsa da hularsa. Wanda ya tashi cikin kaftani bai san wahalar aljihu ba, domin aljihun gefe yana haɗiye waya da makulli da carbi har da 'yan canji ba tare da kowa ya lura ba. Sai da na koma wandon Turawa na ga yadda ake neman aljihun kirki ruwa a jallo. Sau biyu wayata tana zamewa a kujerar tasi tsakanin Berger da Kubwa, Allah ya sa waɗanda ke kusa da ni masu amana ne suka miƙo mini, a karo na uku kuwa na tsuguna zan yi alwalar Azahar ta sulale ta faɗi a kan siminti, gilashinta ya tsage daga sama har ƙasa.

Laifin ba na wando kaɗai ba ne, ita ma wayar ta yi girma. Lokacin da GSM ta shigo Najeriya a 2001, tsawon Nokia 3310 da mutane ke alfahari da ita bai fi santimita 11 da 'yar ɗoriya ba, kuma iPhone ta farko da ta fito a 2007 tsawonta santimita 11.5 ne. Yanzu Samsung Galaxy S24 Ultra ta haura santimita 16, nauyinta ya kai giram 232, yawancin Tecno da Infinix da ke hannun jama'a su ma tsawonsu yana tsakanin santimita 16 da 17, kafin ma a sa musu rigar roba. A daidai shekarun da waya ke ƙara tsawo, yayin ɗinki ya koma matsattsen wando mai ɗame cinya, masu ɗinka shi kuma suka riƙa rage aljihu don kada shatinsa ya fito.

Na fara da manyan kantuna na Jabi da Wuse II. Yadin wandunansu mai kyau ne, karin gugarsu kamar ya yanki mutum, amma da na saka wayar na zauna a kujerar ɗakin gwaji sai kusan sulusinta ya leƙo waje. A wajen 'yan gwanjo na Nyanya na samu tsofaffin wanduna masu zurfin aljihu, sai dai wanda kugunsa ya yi mini daidai ƙafarsa ta yi gajarta, wanda tsawonsa ya yi kuma gwiwarsa ta koɗe. Ƙanwata da ke aikin banki ta yi mini dariya da na kai mata kuka, ta ce ai ni ina da aljihun ma, su mata sau da yawa aljihun ƙarya ake yi musu, baki ne kawai aka zana aka ɗinke. Maganarta tana da tushe, domin a 2018 mujallar intanet ta The Pudding da ke Amurka ta auna wandunan jins 80 na kamfanoni 20, ta samu cewa aljihun gaba na mata ya gaza na maza tsawo da kashi 48 cikin ɗari.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani dattijon tela a cikin Kasuwar Wuse, wanda ya fi ƙwarewa a ɗinkin kwat da wando. Shagon ƙarami ne, kekuna uku ne a ciki da teburin yanka da yara biyu masu koyo, babu wani abin ƙawa da zai ja hankalin mai wucewa. Abin da ya fara burge ni shi ne, da na faɗi damuwata bai ɗauko abin awo ya nufi kuguna ba, sai ya ce, "Yallabai, kawo wayar tukuna, ita za mu fara aunawa." Ya auna tsawonta da faɗinta tana cikin rigarta, ya rubuta a littafinsa, sannan ya sa na zauna a benci ya auna cinyata ina zaune, ya ce a zaune ne wando ke tona asirin tela, ba a tsaye ba.

Bayanin da ya yi mini a ranar shi ne mafi amfani cikin duk abin da na biya kuɗi a kansa. Mutane suna auna zurfin aljihu daga kugu zuwa ƙasa, alhali awon da ke da muhimmanci shi ne daga inda bakin aljihu ya ƙare zuwa ƙasan jakarsa, domin wannan ɓangaren ne kaɗai ke riƙe waya idan mutum ya zauna cinyarsa ta miƙe. Da muka auna wandon da nake sanye da shi, inci 4 kacal muka samu, wato kimanin santimita 10, wayar kuwa ta kai inci 6 da rabi. Ya ƙara da cewa zurfi shi kaɗai ba magani ba ne, domin aljihun da ya cika zurfi da faɗi yana barin waya ta kwanta a kaikaice, tana reto tana dukan cinya idan ana tafiya, har ta ja wandon ya karkace. Saboda haka ya ba ni inci 7 a ƙasan bakin aljihun dama, ya yi wani ɗinki a tsaye cikin jakar wanda ya raba ta gida biyu, ya ware wa wayar zaure mai faɗin inci 3 da rabi inda take tsayawa cak, ragowar kuma na makulli. Bakin aljihun ya karkata shi kaɗan kawai maimakon ya buɗe shi sosai, ya maimaita ɗinki a ƙarshensa na sama da na ƙasa don kada ya yage, ya kuma haɗe jakar da ɗinkin gaban wando ta ciki domin nauyi kada ya rinjaye ta. Ya shawarce ni da in yarda da ninki ɗaya a kowane gefe na gaba. Na ɗan yi gardama, saboda ina ganin ninki yayin iyayenmu ne, ya ce, "Yallabai, ko dai ninki ko kowa a ofis ya san girman wayarka." Na ba da kai.

Amma alƙawarin tela alƙawarin tela ne. Mako ɗaya ya ce mini, sai da aka yi uku, saboda aikin ya faɗo gabanin Sallah ga kuma ɗaukewar wuta, kuma sau biyu ina shiga cunkoson Wuse in tarar ko yanka yadin ba a yi ba. Wannan ban yafe ba, domin kiran waya guda ya isa ya hutar da ni. Da wando na farko ya fito, yaransa sun yi wa aljihun shafi da wani yadi mai santsi irin na cikin kwat, wanda ya mayar da hannun agogo baya, don waya tana zamewa a kansa kamar sabulu. Da na nuna masa bai yi musu ba, ya warware ya sa na auduga mai ɗan kauri, bai kuma karɓi ƙarin ko kwabo ba. Ramin maɓallin aljihun baya shi ma bai fita da kyau ba, zare yana ta tsirowa a gefensa har yanzu.

Wanduna biyu ya ɗinka mini, baƙi da ruwan toka, kuma kuɗin yadi da na ɗinki gaba ɗaya bai kai abin da aka nema a wajena na wando ɗaya a Jabi ba. Wata huɗu ke nan ina sa su. Na tsuguna alwala, na yi ruku'u da sujada, na matsu a bayan tasi mu huɗu, na hau matakalar ofis da gudu, wayar ba ta taɓa fita ba, kuma ciro ta idan ana kira ba ya buƙatar in miƙe tsaye. Baƙin wandon ba ya nuna komai, amma a mai ruwan tokar shatin wayar yana ɗan fitowa idan haske ya doke shi, don haka mai son ɓoye ta gaba ɗaya ya zaɓi yadi mai duhu da ɗan nauyi, ko da yake zai ji a jikinsa a zafin Maris da Afrilu na Abuja. A zaman tahiya wayar tana ɗan tokare cinya, kuma idan babu bel nauyinta yana jan kugun dama ƙasa.

Duk wanda aikinsa ya tilasta masa ƙananan kaya kuma yake da haƙurin jira, ina ba shi shawarar ya bi wannan hanya, da sharaɗin ya kai aikin ba a bakin Sallah ba, ya tafi da wayarsa cikin rigarta, ya kuma ambaci shafin auduga tun kafin a yanka. Mai gaggawa da zai sayi ɗinkakke ya saka wayar a aljihu tun a ɗakin gwaji, ya zauna, ya tsuguna, ya ɗaga gwiwa; idan yadin ya yi masa amma aljihun ya gaza, wannan telan yana ƙara wa jakar aljihu tsawo da ƙyalle a kan kuɗi kaɗan. Na riga na kai masa tsofaffin wanduna uku domin wannan gyara, ya ce in dawo ranar Asabar, ni kuma na rubuta Asabar ta sama a kalandata.