Sandar tenkara a rafukan kan dutse: abin da na gani bayan shekara biyu

Ranar da sandar tenkara, wato sandar fatsa irin ta Japan, ta iso hannuna, na buɗe kwalin na yi tsaye ina kallonta kamar an yi mini wasa da hankali. Ɗan guntun abu ne da bai wuce kamu guda da 'yan yatsu ba. Sai da na cire marfin bakinta, na riƙa zaro gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya kamar eriyar rediyo, sannan ta miƙe ta zama sanda mai tsawon mita 3.6, kanta siriri kamar tsinken tsintsiya. Nauyinta bai kai giram 80 ba. Babu kwarkwaron naɗe zare, babu zobban da zare ke bi ta ciki. A can kan tsinin akwai ɗan guntun jan kirtani, a nan ake zarge zaren fatsar. Iyakar kayan ke nan.

Kafin ita na yi kusan shekara goma ina kamun kifin tirawut da sanda irin ta Turawa, mai tsawon ƙafa 9, mai jefa zare lamba 5 a ma'aunin nauyin zare. Ga wanda bai san harkar ba, a wannan kamun ba a soka wa ƙugiya tana ko wani abinci. Gashin tsuntsu ake ɗaura mata da zare har ta yi kama da ƙwaro. To ƙwaron ƙarya ba shi da nauyin da za a jefa, saboda haka zaren ne ake yi wa nauyi ya ɗauke shi zuwa inda ake so. Bisa ma'aunin da masu ƙera kayan suka tsayar a Amurka a 1961, ƙafa 30 na farko na zare lamba 5 nauyinsu kusan giram 9 ne. A babban kogi wannan nauyin alheri ne, da shi kake tsallake faɗin ruwa. A rafin kan dutse kuwa, shi ne yake ɓata maka aiki.

Dalili kuwa, ruwan da ke gangarowa daga tsauni ba tafiya ɗaya yake yi ba. Kowane dutse sai ya raba shi: nan yana gudu yana kumfa, can bayan dutsen ya lafa a ɗan gurbin da bai fi faɗin faranti ba. A irin wannan gurbin tirawut yake kwanciya, kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran a kawo masa abinci har baki ba tare da ya sha wahala ba. Idan ka jefa ƙwaronka cikin gurbin, zarenka mai kauri kuma ya kwanta a kan ruwa mai gudu da ke tsakaninku, kafin ka ƙirga biyu ruwan ya fizge zaren, zaren ya ja ƙwaron yana tsaga ruwa. Ƙwaron gaske ba ya irin wannan tafiyar, kifin kuma ya fi ka sanin haka. Na sha ganinsa ya taso har ya kusa buɗe baki, sai ya juya ya koma ƙasa.

Wannan matsalar ce tenkara ta zo ta kashe mini, kuma ita ce kaɗai dalilin da ya isa a saye ta. Asalinta daga tsaunukan Japan ne, inda masunta suka daɗe suna kamun kifin da suke kira iwana da yamame da sandar gora da zaren gashin wutsiyar doki. Ba ta yi suna a waje ba sai daga 2009, lokacin da Daniel Galhardo ya fara tallata ta a Amurka. Ta yanzu da kabon ake yin ta, zaren kuma siriri ne na fulorokabon, wani nau'in roba, mai launi, tsawonsa kamar na sandar, a ƙarshensa a ƙulla wani wanda ya fi shi siranta, kamar mita guda, sannan ƙwaron. Da yake sandar doguwa ce, zaren kuma ba nauyi, kana ɗaga hannu zaren duka ya tashi sama. Ƙwaron kaɗai ne ke taɓa ruwa.

Safiyar farko da na gwada ta ba zan manta ba. Akwai wani gurbi a bayan wani baƙin dutse mai gansakuka, wanda na daɗe da haƙura da shi saboda ruwan gabansa gudu yake kamar an koro shi. Na durƙusa a ƙasa da shi, na ɗan karkaɗa hannu, ƙwaron ya sauka a hankali ya zauna. Ya yi ta juyawa a wuri ɗaya, na ƙirga har shida bai gusa ba. Sai na ga wani abu mai ɗigo-ɗigon ja ya taso daga gindin dutsen, ba gaggawa, ya haɗiye. Kifin bai wuce taƙi guda ba, amma yadda sandar ta lanƙwashe, motsinsa yana zuwa har tafin hannuna, ka rantse wani ƙato ne. A ranar na kama goma sha ɗaya a ɗan tsakanin da a da in na sami uku sai in yi ta murna.

Ƙwarin da suka zo tare da ita guda uku ne, irin wanda Japanawa ke kira sakasa kebari, mai gashin da ya juya gaba kamar lema da iska ta birkice. In ka ɗan riƙa motsa kan sandar, gashin yana buɗewa yana rufewa a cikin ruwa kamar abu mai rai. Dakta Hisao Ishigaki, ɗaya daga cikin sanannun malaman tenkara a Japan, an san shi da amfani da ƙwaro iri ɗaya kusan ko'ina. Ni dai ban kai wannan matsayin ba. Idan kifi ya lafe a ƙasa na kan koma ga ƙwaron da ake kira Pheasant Tail, wanda Frank Sawyer na Ingila ya ƙirƙiro, in kuma ƙwari suna tashi da yamma sai in ɗaura Adams, tsohon hannu tun 1922. Sandar tana jefa su duka lafiya lau, muddin ba su yi nauyi ba.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Iska ita ce babbar abokiyar gabar sandar nan. Rashin nauyin da ya sa zaren ke tashi sama shi ne kuma ya sa ko 'yar iska ta kaɗa sai ta kumbura shi, ta tsige ƙwaron daga ruwa. A kwazazzabo iska ta kan taso da rana ta ɗaga, kuma akwai ranar da na yi awa biyu ina jifa zaren yana dawo mini a fuska. Sauke hannu da sa ƙwaro mai ɗan nauyi suna ragewa, amma ba sa magancewa.

Sai itatuwa. Inda rassa suka rufe rafi, mita 3.6 ta zama kaya. Ƙwarin da na bari a kan rassa sun fi waɗanda kifi ya tsinke mini yawa.

Batun babban kifi ne ya fi ci mini rai. Da kwarkwaro, in kifi ya zabura sai ka sakar masa zare ya yi gudunsa ya gaji. A nan ba abin da za ka saki. Takardar da ta zo da sandar ta yi kashedin kada zaren ƙarshe ya wuce 5X ƙarfi, wato kaurinsa kusan milimita 0.15, domin in abu ya yi tsanani zaren ya tsinke maimakon sandar ta karye. Wata rana da la'asar, a gindin wani ɗan magangarin ruwa, na haɗu da wanda na ƙiyasta ya haura santimita 45. Ya yi ƙasa da gudu, na bi shi ina tsalle a kan duwatsu masu santsi, hannuna a sama. Da ya kai iyakar zaren, kan sandar ya sunkuya ya miƙe sak yana nuna shi, sai na ji ɗas. Na tsaya ruwa har gwiwa ina kallon zare yana lilo. Da sandata ta da ce a hannuna, da na ga kifin nan a cikin koma.

Ta taɓa karyewa sau ɗaya, kuma laifina ne. Ƙa'ida ita ce in za ka buɗe ka fara daga tsini, in za ka rufe ka fara daga gindi, tsinin ya shiga a ƙarshe. Ni kuwa hadari ya taso, an fara walƙiya, ga ni riƙe da doguwar sandar kabon a kan dutse, abin da ba mai hankalin da zai so. Cikin sauri na tura gaɓa ta biyu a karkace, ta ce ƙas. Abin da na yaba a nan shi ne gyaran bai buƙaci kowa ba: na kwance marfin gindi, na zazzage gaɓoɓin, na sa sabuwa. Abin da ban yaba ba shi ne masu sayarwar sun sa ni jiran kusan wata guda kafin gaɓar ta zo, kuma sai da na tuna musu sau biyu. Tun daga nan ba na fita sai da gaɓoɓin sama na ajiya. Marfin bakin ma ya yi sako-sako da yawa, a fita ta uku ya faɗa ruwa ya tafi. Mariƙin kuwa ba abin cewa, ko hannu ya jiƙe ba ya zamewa.

Wani amfani da ban yi tsammani ba shi ne wajen sakin kifi. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, da zafin ruwa ya doshi digiri 20 ya fara galabaita, doguwar kokawa kuma tana iya kashe shi ko ka mayar da shi. Da wannan sandar ƙaramin kifi cikin 'yan daƙiƙoƙi yana gabanka. Ka jiƙa hannu, ka zare ƙugiya marar ƙaya, ya wuce abinsa.

Wanda rafukansa ƙanana ne, masu duwatsu da sarari a sama, ko wanda yake tafiyar ƙafa mai nisa kafin ya kai ruwa, ina ba shi shawarar ya saya ba tare da wani dogon tunani ba. Sabon shiga ma zai fi saurin koyo da ita, na ga wanda ya iya jifa cikin rabin awa. Mai babban kogi da manyan kifaye kuwa ya riƙe kwarkwaronsa. Ni ban sayar da tsohuwar sandata ba, ba kuma ni da niyya. Sai dai a fita goma da na yi zuwa kan dutse a bana, sau takwas tenkarar ce a soke a gefen jakata. Sauran biyun kuwa, gindin magangarin nan na koma neman wanda ya tsinke mini zare, har yau bai sake tasowa ba.