Kwas ɗin shirya malaman Turanci masu son fita waje: abin da na tarar a wata cibiya a Wuse

A Wuse 2 da ke Abuja akwai wata cibiya mai shirya malamai waɗanda ke da burin fita ƙasashen waje su koyar da Turanci a makarantun gwamnati. Tun da na kammala kwas ɗinta na TEFL, wato horon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, mai awa 120, 'yan'uwana malamai suke tambayata ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, kuma tambayar tasu tana bisa hanya, domin kuɗin ba ƙarami ba ne ga wanda albashin malanta kaɗai ya dogara da shi.

Ta fuskar koyarwa, cibiyar ta san aikinta. Darasin da ya fi zauna mini shi ne ranar da malamar da ke horar da mu ta shigo da lemo da ayaba a faranti, ta yi ta magana da harshen Gbagyi zalla, babu Hausa babu Turanci, tana ɗaga abu tana maimaita sunansa, tana nuna mu ɗaya bayan ɗaya mu faɗa, har kafin a tashi kowannenmu ya iya tambayar farashi ya kuma ba da amsa. Sai da ta gama ta ce mana halin da muka shiga a mintunan farko shi ne halin da yaron Japan ko na Tailan zai shiga idan muka tsaya gabansa muna zuba Turanci. Daga baya aka kai mu gwaji a wata sakandaren gwamnati a Karu, malamar tana zaune a bencin baya da agogo, tana lissafa mintunan da malami ya yi yana magana da waɗanda ya bar wa ɗalibai. Ga mu da muka saba cika allo da rubutu mu ce a kwafa, wannan horo ne da zai amfani yaranmu ko da mutum bai taɓa hawa jirgi ba.

Sun kuma yi bayanin takardu dalla-dalla: tantance shaidar digiri a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan a Ma'aikatar Harkokin Waje, da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta Najeriya, da takardar 'yan sanda mai shaida cewa mutum ba shi da tabon laifi.

Inda na ga babban gibi shi ne maganar wace ƙasa ce za ta karɓi mai fasfo ɗin Najeriya. Hotunan da ke bangon ofishinsu yawanci na azuzuwan Koriya ta Kudu ne, alhali shirin EPIK, wanda gwamnatin ƙasar ta kafa a 1995 domin ɗauko malaman Turanci daga waje zuwa makarantunta, ya ginu ne a kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, duk da cewa Turanci ne harshen hukuma a nan. Ba a faɗa mana wannan ba sai dab da ƙarshen kwas, bayan wasu sun riga sun biya wani kuɗi na daban da ake kira kuɗin nemo gurbi, kuma a ganina ranar rajista ya kamata a faɗa. Shirin JET na Japan, mai ɗaukar baƙi su taimaka wajen koyar da harshe, wanda aka fara a 1987, ta ofishin jakadanci ake nemansa kuma ba a biyan kuɗin nema, saboda haka dillali ba shi da abin yi a ciki. Tailan ce suka yi wa bayani mai gamsarwa, har da jarrabawar TOEIC ta gwada ƙwarewa a Turanci da ake buƙata daga wanda ba a lissafa ƙasarsa cikin masu Turanci na gado ba.

Zaman rayuwa a can kuwa, wanda shi ne ke mayar da mutane gida tun kafin kwantiraginsu ya ƙare, yamma guda aka ware masa, aka cika ta da maganar canjin kuɗi da layin waya. Akwai abubuwan da suka fi waɗannan damun Bahaushe. A yawancin makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati a Japan abincin rana ɗaya ake dafa wa kowa, malami yakan ci tare da ɗalibai a cikin aji, naman alade kuma yana yawan shiga girkin, don haka Musulmi yana buƙatar sanin yadda zai yi wa shugaban makaranta bayani cikin ladabi tun ranar farko ya riƙa zuwa da nasa. Juma'a ranar aiki ce cur, kuma sau da yawa ƙauye ake tura baƙon malami, inda masallaci mafi kusa yana iya zama tafiyar awanni. Ga kuma batun matsayi: wanda ya shekara goma yana riƙe da ajinsa a nan zai je ya zama mataimaki ga malamin ƙasar, wani lokaci aikinsa bai wuce karanta jimloli yara su maimaita ba, kuma wannan yana da nauyi a zuciyar wanda ya saba a kira shi Malam a miƙe masa tsaye. Da cibiyar ta gayyato ko mutum ɗaya da ya yi wannan zama ya dawo, da ta cike rabin gibin.

Ga wanda zai je, shawarata ita ce ya biya kuɗin kwas, ya riƙe kuɗin nemo gurbi a aljihunsa har sai an rubuta masa sunan ƙasar da nau'in bizar da za ta ba ɗan Najeriya. Ya kuma leƙa shirin TAC na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa a 1987 yana tura malamai da sauran ƙwararru aikin shekara 2 a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, irin su Gambiya da Uganda. Ofishinsa yana nan Abuja, amma ko sau ɗaya ba a ambace shi a cikin kwas ɗin ba.