Shekara Biyu Ina Riƙe da Unguwa a Hay Day: Abin da Na Gani

Ranar da aka miƙa mini shugabancin unguwarmu a Hay Day, mutum 27 ne a cikinta, amma masu amsa sallama ba su wuce biyar ba. Wanda ya kafa ta abokin aikina ne. Aka yi masa canjin wurin aiki, hidima ta yi masa yawa, sai ya ce mini, "Malam, riƙe mana gidan nan kada ya mutu." Na karɓa da murna, don a lokacin gani nake duk wanda ya tara mutane kusan 30 ya gama komai. Sai da na yi wata biyu a kai na gane taron tsintsiya ne ba shara.

Ga wanda bai san wasan ba, Hay Day wasan noma ne na waya, kamfanin Supercell da ke Helsinki a ƙasar Finland ya fitar da shi a 2012, shekarar da ya fitar da Clash of Clans. Sauke shi kyauta ne. Ana ba ka fili ka shuka: alkama ta nuna cikin minti 2, masara minti 5, rake rabin awa, tumatir awa 6. Ga kaji da shanu da tumaki da awaki, ga gidan burodi da injin sukari, ga rumbu na hatsi da sito na sauran kaya. Har baba ake shukawa, awa 2 yake ɗauka, kuma na ji daɗin ganinsa don kakana marini ne. Wannan ɓangaren yana da daɗi, amma da shi kaɗai ne da tuni na ajiye. Abin da ya riƙe ni shi ne idan ka ɗan yi nisa a matakan wasan, za ka gyara wani tsohon gida da ke tsallaken titin gonarka, daga nan ka shiga unguwa, wato ƙungiyar 'yan wasa masu taimakon juna, ko ka kafa taka. Unguwa ba ta ɗaukar fiye da mutum 30. Akwai shugaba, akwai mataimaka, akwai dattawa, sai sauran jama'a.

Duk wanda ya tashi a gidan gandu zai gane tsarin nan da nan. Gonar kowa gayaunarsa ce, ya shuka abin da ya ga dama, ya sayar yadda ya so. Gasar mako-mako da ake kira Derby kuwa ita ce gandu. Tana farawa safiyar Talata ta ƙare safiyar Litinin. Ana kafa allo mai ɗauke da ayyuka 12: girbe alkama kaza, tatso madara kaza, cika jirgin ruwa, aika mota da kaya, kamo kifi, taimaka wa maƙwabta. Kowane aiki da makinsa da wa'adinsa, kuma a gasar da aka saba mafi tsada shi ne mai maki 320. Makin da kowa ya kawo shi ke tura dokin unguwa gaba a filin sukuwa, ana tsere da wasu unguwanni. Ukun farko su hau rukuni na sama, ukun ƙarshe su gangara. Rukunan biyar ne, daga Rookie har Champions, kuma yawan aikin da aka yarje wa mutum yana ƙaruwa daga 5 a ƙasa zuwa 9 a sama, sai ƙarin guda da ake saya da lu'ulu'u, wato kuɗin musamman na cikin wasan.

Abin da ban fahimta da wuri ba, kuma shi ne ya yi ta kayar da mu, shi ne yadda ake haɗa abokan tsere. Ana duba yawan mutanen da kuka sa a gasar ne, a haɗa ku da masu yawa irin naku. To mu muna shiga da mutum 27, ana haɗa mu da unguwannin da mutum 27 ɗinsu duk a tsaye suke, alhali mu biyar ke riƙe da fartanya. Ko kwana muka yi muna aiki ba mu kamo su. Wasan ya tanadi hanyar da mutum zai cire kansa daga gasar mako idan ya san ba shi da sukuni, ya ci gaba da zama a unguwa yana nomansa. Amma wanda ya yi wata bai buɗe gonarsa ba, ina zai tuna ya cire kansa?

Don haka girman unguwarmu ya fara ne da raguwa. Na rubuta sanarwa, na ba da mako biyu: duk wanda yake nan ya yi magana. Waɗanda ba su ce uffan ba na sallame su, muka koma mutum 9. Makon farko da muka shiga mu tara, na uku muka zo. Ban taɓa ganin an yi hira a unguwar nan kamar ta ranar ba.

Sallamar baƙon da ba ka sani ba abu ne mai sauƙi. Wadda ta yi mini nauyi ita ce ta ƙanin matata. Yaro ne mai kirki, ni na jawo shi wasan, kuma gonarsa ta fi tawa tsari. Matsalarsa ɗaya: ya ga aiki mai maki 320 ya yi wuf ya ɗauka, sannan ya tafi kallon ƙwallo. A wannan wasa kuwa aikin da ka ɗauka wa'adinsa ya ƙare, ko ka jefar da shi, ya ci gurbi ɗaya cikin rabonka, ba ya dawowa. Mako uku a jere yana haka. A na ukun, tazarar da ke tsakaninmu da matsayi na uku ba ta kai makin aiki ɗaya ba. Da ya zo gaishe mu ranar Juma'a, bayan an ci abinci na ja shi zaure.

Ya ce, "Haba Yaya, wasa ne fa."

Na ce, "Wasa ne. Amma akwai Hajiyar nan ta Maraɗi da ta tashi kafin asuba ta girbe tumatir don kada aikinta ya lalace. Me zan ce mata?"

Ya yi shiru. Ban kore shi ba, muka yi yarjejeniya ya riƙa cire kansa daga gasa sai makon da ya tabbatar yana gida. Yanzu shi ne ya fi kowa ba da kaya idan an nema, kuma a watan da ya gabata na naɗa shi dattijo.

Dokokinmu ba su da yawa. Kada ka ɗauki aikin da ba za ka gama ba. Idan uzuri ya taso, ka faɗa kafin Talata. Idan kana shirya wa wani aiki kaya, ka rubuta a hira don kada wani ya riga ka. Wannan na ƙarshen yana da dalili. Dabarar da ta fi amfani a gasar ita ce ka shuka abu ya nuna ka bar shi a gona, ko ka jera kaya a bakin inji ba ka kwashe ba, sai ka ɗauki aikin sannan ka girbe gaba ɗaya. Mutum ya yi awa shida yana jiran tumatir saboda aikin da ya gani a allo, wani ya zo ya ɗauke, ai dole rai ya ɓaci. Rigimar da ta fi kowace zafi a unguwarmu a kan haka aka yi ta, tsakanin mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba.

Sai share allo. Ayyuka masu ƙaramin maki sai an zubar da su kafin sababbi su fito, kuma sabon yakan ɗauki kamar rabin awa. Wannan aiki ne na shugaba da mataimaka da dattawa, kuma shi ne aikin da ba a gani balle a gode. Shi ya sa ba na ba da muƙami don daɗewa ko don yawan mataki. Akwai wanda na naɗa dattijo tun farko saboda ya fi mu duka mataki, ya zo yana zubar da duk aikin da bai dace da gonarsa ba, har da na kamun kifi da ƙananan 'yan wasanmu ke dogaro da shi. Ma'adinai sai mataki na 24 ake buɗe su, kamun kifi 27, ɓangaren gari (Town) 34. Wanda yake mataki na 20 ba zai iya rabin abin da ke allon ba, dole mai shara ya riƙa tunawa da shi.

Akwai wata magana da duk Bahaushen da zai riƙe unguwa a nan zai ci karo da ita, wato alade. Yana cikin dabbobin wasan, kuma wasu kayan abinci da jirgin ruwa ke nema da namansa ake haɗa su. A cikinmu akwai waɗanda suka ce zane ne kawai a waya, akwai waɗanda suka ce ko a zane ba sa kiwonsa. Ban zauna yanke hukunci ba, don ba fagena ba ne. Abin da muka tsayar shi ne ba a tilasta wa kowa, ba a yi wa kowa gori, kuma aikin da ya shafi alade idan ya kwana a allo ba mai so, a zubar. Ni kaina ba na kiwonsa, kuma na kai inda na kai. Jirgi ya zo da irin wannan buƙata sai in sallame shi ya tafi.

Da muka daidaita sai muka fara ƙara mutane, amma a hankali. Na rufe ƙofa, na mayar da shiga sai da neman izini, na sa mafi ƙarancin mataki. Mafi yawan nagartattun da muka samu ba talla ta kawo su ba. Idan bishiyar tuffa ta bushe kana iya kafa mata alamar neman taimako, wani ya zo ya farfaɗo da ita. Haka akwatin jirgin da ka kasa cikawa. Sai na riƙa lura da sunayen da ke yawan zuwa taimako ba tare da an san su ba. Idan na leƙa gonar mutum na ga ba shi da unguwa, kuma rumfarsa ta bakin hanya ba ta rabuwa da kaya, sai in gayyace shi. Ta haka muka samu wani ɗan zango daga Kumasi, da wata mata daga Indonesiya.

Ita wannan matar alheri ce babba gare mu. Jakarta tana gaban Najeriya da awa 6, don haka lokacin da muke barci ita gari ya waye mata, tana share allo, mu tashi mu tarar da ayyuka masu tsoka. Hausa ba ta ji, Turancinmu duka gwargwado ne, amma ta koyi rubuta "sannu da aiki" da "na gode". A watan azumi kuwa sai unguwar ta koma ta dare, bayan tarawihi da lokacin sahur nan ne hira ke cika. Makon Sallah gaba ɗayanmu muke hutawa da gasa, ba a ma tambaya.

Daren da ba na mantawa shi ne wata Lahadi da wani ɗalibi a cikinmu ya rage masa aikin taimako, saura mutum huɗu ya taimaka wa, wa'adi saura ƙasa da awa ɗaya, ga cajin wayarsa ya kusa ƙarewa saboda an kwana biyu ba wuta a unguwarsu. Ya rubuta, "Don Allah wa yake da busasshiyar bishiya?" Cikin minti kaɗan mutum uku suka kafa alama. Ta huɗun Hajiyar Maraɗi ce ta nemi a cika mata akwatin jirgi da alkamar da ita ma tana da ita fal a rumbu, don dai ya samu abin yi. Ya gama, ya rubuta "Allah ya saka da alheri, Hajiya", wayar ta mutu. Da safe muka tarar mun hau rukuni.

Batun kuɗi, ana iya wasan nan ba a kashe ko kwabo ba, sai dai a yi haƙuri da jira. Lu'ulu'u ana samunsa kaɗan-kaɗan a haƙar ma'adinai da kyaututtuka, ana kuma saya da kuɗi. Na san unguwanni da yawa na rukunin Champions suna wajabta aiki na goma, wato kowa ya kawo maki 3,200 duk mako. Ni ban yarda da wannan a tawa ba. Akwai ɗalibai a cikinmu, akwai masu iyali, ba zan sa mutum ya taɓa kuɗin cefane saboda dokin da ke cikin waya ba. Wannan ya sa muna hawa muna sauka tsakanin rukuni na huɗu da na biyar, kuma mun yarda da hakan. Abu biyu nake nanata wa duk sabon shiga: wasan ba ya buɗewa sai da intanet, don haka kada ka ɗauki aiki mai gajeren wa'adi idan sabis na rawa a wurinku, sannan ka haɗa gonarka da Supercell ID, wato asusun kamfanin da ke adana maka wasanka, tun yau. Wani namu an sace masa waya a tasha, da wannan ya dawo da gonar da ya yi shekara uku yana ginawa.

Wanda yake neman abin rage lokaci shi kaɗai, ya yi nomansa ya shiga unguwar wasu, zai ji daɗi. Shugabanci kuwa sai mai iya sauraron ƙorafi da tsakar dare, mai iya cewa a'a ga wanda yake jin nauyinsa. Ni ma akwai lokacin da na gaji har na yi niyyar ajiyewa, sai na naɗa mataimaka biyu muka raba kwanakin mako, Talata da Laraba nawa, sauran nasu. Yanzu mu 16 ne, 12 ke shiga gasa a yawancin makonni, sauran guraben 14 kuma ba na gaggawar cika su. Gobe Talata. Na riga na shuka tumatir a rabin gonata, sauran rabin na bar wa rake, don ɗan zangon nan na Kumasi ya ce zai buƙaci sukari da sassafe.