Tasin filin jirgi da motar manhaja: wanne ya fi dacewa da wanda ya sauka yanzu?

'Yar'uwa, kin tambaya ko idan mutum ya sauka a garin da bai taɓa zuwa ba, gara ya shiga tasin da ke jere a bakin ƙofar fita, ko kuwa ya kira mota ta manhajar waya. Na sha amfani da duka biyun, kuma a ganina kafin a zo maganar kuɗi, ya kamata ki duba abin da kowacce hanya za ta nema daga gare ki a daidai lokacin da kika fito da jakunkuna, a gajiye, bayan kin gama da jami'an shige da fice da na kwastan.

Tasin filin jirgi ba ya neman komai a wurinki sai ki bi alama ki shiga layi. Motocin suna da rajista da hukumar filin ko ta birnin, lambar lasisin direba tana manne a inda fasinja zai gani, kuma a manyan filaye akwai ma'aikacin da ke tsaye yana haɗa fasinja da mota. Yadda ake biya ya bambanta daga gari zuwa gari. A yawancin wurare mita ce ke lissafi gwargwadon nisa da lokaci, wanda ke nufin cunkoso zai ƙara miki kuɗi. A Niyok an yanka farashi guda tsakanin filin JFK da Manhattan, sai dai a ɗora harajin hanya da wasu ƙananan caji a kai. A Delhi kuwa akwai kantar da za ki biya tun a filin, a ba ki takarda, ki riƙe ta har ki isa sannan ki miƙa wa direba. Raunin wannan hanya yana bayyana ne inda direba ya ce mita ta lalace, ko ya bi doguwar hanya don ya ga baƙuwa ce. Maganinsa shi ne ki tambayi yadda za a yi lissafi tun jakarki tana hannunki, domin da zarar ta shiga but, bakin ciniki ya rufe.

Motar manhaja ta fi ƙarfi a daidai wannan wurin. Za ki ga farashi kafin ki amince, ki ga sunan direba da hotonsa da lambar motar, ki bi tafiyar a taswira, har ki tura wa wani na gida ya riƙa ganin inda kike. Ga wadda ba ta jin harshen garin wannan babban sauƙi ne, tunda adireshin yana rubuce a wayar direba kuma babu buƙatar dogon bayani. Amma duk wannan ya rataya ne a kan waya mai caji, da intanet mai aiki, da hanyar biya da manhajar za ta karɓa a ƙasar. Na taɓa tsayawa da tsakar dare a wajen wani filin jirgi, intanet ɗin kyauta na cikin ginin ya yanke da fitowata ƙofa, batirin wayata ya koma ja, direban yana kira ta manhaja ina ganin kiran yana tsinkewa, har ya gaji ya soke tafiyar. Daga ƙarshe layin tasin da na wuce na koma.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa lura da shi sai sun sauka: manhajar da kika saba da ita ba lallai ta yi aiki a can ba. Uber ya miƙa harkarsa ta Sin ga Didi a 2016, ya miƙa ta kudu maso gabashin Asiya ga Grab a 2018, don haka mai zuwa Singafo ko Maleshiya Grab za ta nema. A Dubai ana amfani da Careem sosai, a ƙasashen Turai da Afirka da dama kuma akwai Bolt. Ki sauke wadda ta dace tun kina gida, domin rajista tana buƙatar lambar sirri da za a turo wa layinki, kuma layin yana iya ƙin karɓar saƙo a ƙasar waje. Sannan farashin manhaja yana hawa idan jirage da yawa sun sauka lokaci ɗaya ko ana ruwan sama, har ya zarce na tasi, kuma wurin ɗaukar fasinja yakan kasance can cikin wajen ajiye motoci, tafiyar da ba ta da daɗi ga mai tura kaya da goyo.

Idan ni ce ke, a zuwan farko, musamman da dare ko da yara, zan shiga tasin hukuma, in ɗauki hoton lambar motar in tura gida, in nemi rasit idan na sauka, domin da shi ake gano mota idan an manta kaya. Idan kuwa da rana ce, wayata tana da intanet kuma kayana ba su da yawa, zan duba farashin manhaja in gwada shi da abin da ma'aikacin layin tasi ya gaya mini.

Wanda nake roƙonki kada ki bi ko kaɗan shi ne mutumin da zai tare ki a cikin zauren fitowa yana cewa "tasi, tasi", yana miƙa hannu zai karɓi jakarki. Direba mai lasisi yana jira ne a motarsa a kan layi, direban manhaja kuma ke za ki tabbatar da shi ta hanyar duba lambar motar da barin shi ya faɗi sunanki da kansa kafin ki buɗe ƙofa.