Boksel ya gina mini kai cikin sauƙi, amma ya cinye tsagar tsohon

Da a farkon da na fara sassaƙa a kwamfuta da boksel, wato gina siffa da ƴan ƙananan tubala, aka tambaye ni, da na ce duk mai aikin 3D a Kumasi ya watsar da raga, wato salon gina siffa da ɗigo da layuka, ya dawo nan. Har saƙo na tura wa yaran da muke aiki tare a Aboabo ina yi musu tsiya, na ce su ci gaba da zama suna lallashin foligon, ƴan gurabun da ke tsakanin layukan raga, ɗaya bayan ɗaya, mu mun wuce wurin. Yanzu bakina ya ɗan yi sanyi.

Wata baiwar Allah ce ƴar Bolgatanga, mai shago a Kejetia, ta kawo mini hotunan mahaifinta da ya rasu, tsohon soja. Danginsu na son mutum-mutuminsa daga kai zuwa ƙirji kafin taron cikarsa shekara. Ni zan sassaƙa a kwamfuta, a buga da firintar 3D, sannan a kai wa maƙeran Krofofrom su fitar da na kakin zuma su yi zubin tagulla. Babana dai bai taɓa son wannan ɓangare na sana'ata ba, in ya leƙo ya ga kan mutum a allo sai ya ce, "Kai dai ka je ka tambayi malamai." Wannan zancen wata rana ne.

Ga wanda bai san bambancin ba: raga, wadda ƴan sana'a ke cewa mesh, fata ce kawai, ɗigo-ɗigo da aka haɗa da layuka, cikinta fanko. In ka ja hanci daga jikinta, foligon ɗin wurin ne ke miƙewa, su yi tsawo su lalace. Boksel kuwa ƴan ƙananan tubala ne masu girma ɗaya da suka cika jikin abin ciki da waje. Ka ƙara, ka rage, ka huda, ka manna wani abu a kan wani, babu abin da zai miƙe don babu layin da za a ja. 3D-Coat, manhajar kamfanin Pilgway na ƙasar Yukren, ita ta yi suna da wannan salo tun 2009. A cikin sauran manhajojin sassaƙa, ZBrush ya kawo makamancinsa mai suna DynaMesh a 2011, Blender kuma ya samu nasa mai sake saƙa raga ta hanyar boksel a sigar 2.81, cikin 2019. Ni lasisin wata manhaja na saya ta hannun wani dillali a Adum, da dala, kun kuma san yadda sidi, kuɗin Ghana, yake yi da mutum in dala ta shigo magana.

Ginin farko wallahi daɗi ne zalla. Ƙoƙon kai, wuya, kafaɗu, duk a zama ɗaya. Kunne da ya saba cinye mini yini, na murɗa shi gefe na manna, ya haɗe da kai kamar da shi aka fara. Ana cikin haka matar ta dawo ta ce, "Ƙanena, mun yi shawara, hular soja za ka sa masa, da lambobinsa a ƙirji." A da irin wannan sauyin ra'ayi shi ke sa in ji kamar in mayar wa mutum kuɗinsa. Wannan karon na gina hular daban, na ɗora, na narkar da ita cikin kai, na jera lambobin, kafin ta gama amsa waya na juya mata allo. Kuma tunda boksel dunƙulalle ne, babu rami ko fuskar da ta kife ciki, abin da masu firinta ke dawo wa mutum da fayil saboda shi. A nan dai ban da abin cewa, ya ci kuɗinsa.

Sai aka zo fuska.

Tsohon yana da tsaga a kuncinsa, siririya, irin ta mutanen arewa na zamaninsu, ta sauko daga gefen hanci. Ƴarsa ta nuna mini ita da yatsa a hoto tun ranar farko, ta ce da ita ake gane shi. Na zana ta, ta fito da kauri kamar kwalbati. Na rage bakin alƙalami na sake zanawa, ta fito a gutsure, nan akwai, can babu. Na shafa kaɗan don ta daidaita, ta ɓace ɗungum. Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Kan babban mutum bai wuce santimita 23 ko kusa da haka ba daga haɓa zuwa tsakar ka. In kowane tubali milimita 1 ne, duk layin da bai kai milimita ba ba shi da wurin zama. Fatar ido ma haka, ta sama da ta ƙasa suka manne a lungun ido, leɓuna suka haɗe, tsohon ya koma kamar wanda ƙudan zuma ya harba.

Maganin da kowa zai faɗa maka shi ne ka ƙara yawan tubalan. Na ƙara. Amma boksel bai san adalci ba ta wannan fuska, ko in ce adalcinsa ya yi yawa: girman tubalin da ya ba lungun ido shi zai ba ƙeya da bayan hula, wuraren da babu mai kallo. In ka raba girman tubali biyu, adadinsu a cikin jiki yana ninkuwa sau 8, fatar da ake nuna maka a allo kuma kusan sau 4. Laftof ɗina mai ram gig 16 ya fara huci, in na ja layi sai na jira kafin ya bayyana. Sassaƙar kamanni kuwa ba ta son jira, hannu da ido tare suke tafiya. Ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan ta Ghana, wuta ta ɗauke fayil yana tsakiyar ajiyewa, batirin kuma ya daɗe da mutuwa. Wannan ba laifin manhaja ba ne, na sani, amma da fayil ɗin bai yi wannan nauyi ba da ya gama kafin a ɗauke.

A haka matar ta zo da yayanta, wani dattijo mai ƙarancin magana. Ya daɗe yana kallon allo, ya juya kan hagu da dama, sannan ya ce, "Malam, hular dai tasa ce. Amma wannan wane ne?" Ita ko uffan ba ta ce ba, ta ɗauki jakarta. Duk wanda ya taɓa yin hoton mamaci ya san ba a gardama da dangi. Ba ƙashin kai suke nema ba, wannan ɗan lanƙwasar gefen baki suke nema, da yadda ido ɗaya ya fi ɗaya rufuwa, abubuwan da ba su kai milimita biyu ba.

Abin da ya fitar da ni kunya shi ne ragar da nake yi wa dariya. Na fitar da kan zuwa Blender, na saƙa masa sabuwar raga da hannu, layuka suna zagaye ido da baki yadda naman fuska yake tafiya, masu yawa a fuska, kaɗan a ƙeya. Sannan na hau matakan rarrabawa, wannan dabarar da Edwin Catmull da Jim Clark suka wallafa tun 1978, inda kowane mataki ke raba foligon ɗaya zuwa 4. A matakin sama na zana tsagar, ta zauna siririya, bakinta a tsaye. Da dattijon ya dawo ya ce muƙamuƙin babansu ya fi haka faɗi, sai na sauka matakin ƙasa, na buɗa muƙamuƙi, na koma sama, tsaga da tamojin goshi suna nan inda na bar su. Wannan hawa da sauka shi ne abin da boksel zalla ba zai ba ka ba. In ka motsa babban abu a can, sai an sake lissafa tubalan wurin, ƙananan abubuwa su dushe, ka sake zana su. Aikin kamanni kuma rabinsa gyaran da dangi ke kawowa ne bayan ka ɗauka ka gama.

Za a ce ai manhajojin boksel suna da yanayin aiki a kan fata, inda ake yin ƙananan zane. Gaskiya ne, tawa ma tana da shi, yana kuma aiki. Amma da zarar ka shiga can, raga kake sassaƙawa, in kuma ka koma boksel abin da ka zana ya tafi. To me na saya ke nan? Dillalin nan da bakinsa ya ce mini, "Oga, daga yau babu ruwanka da saƙar raga." Ga shi na kwana ina saƙa ta, a Blender, manhajar da Ton Roosendaal ya sake wa duniya kyauta tun 2002, wadda kuma ita ma za ta iya yi mini mannin hula da kunnen nan, ko da ba da santsin waccan ba.

Ba zan ce kada a saya ba. Mai yin kofin gasa, zobe, tambarin sarauta, kan sanda, ko dodannin wasan kwamfuta, inda ake ta manne-manne da huje-huje kuma babu wanda zai ce bai yi kama da babansa ba, zai ji daɗinta ƙwarai. Ni ma zan ci gaba da fara ƙoƙon kai a can tunda na riga na biya. Amma daga gira zuwa haɓa, raga.

An buga samfurin, na ƙara wa tsagar zurfi kaɗan don gogen maƙera yana cin saman tagulla, dangi sun karɓa sun cika mini kuɗi. Dillalin kuwa ya yi alkawarin haɗa ni da wanda zai koya mini manhajar ba tare da na biya ba in na saya. Na kira ba ya ɗauka, na tura saƙo a WhatsApp ya karanta ya yi shiru. Ranar da na bi ta Adum na leƙa shagon, yaronsa ya ce ya tafi Accra.